Farfesa Thomas Adeoye Lambo: Likitan da ya raba jinyar taɓin hankali da ɗauri

A farkon watan Janairun 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Da wannan sa hannu Najeriya ta yi sallama da wata doka da Turawan mulkin mallaka suka kafa tun 1916, aka yi mata kwaskwarima a 1958, wadda sunanta kaɗai ya isa ya nuna irin kallon da take yi wa mutanen da aka yi ta dominsu: Dokar Mahaukata. Shekara 107 ke nan tsakanin tsohuwar doka da sabuwa.

Amma tun ana saura shekara 69 a kai ga wannan rana, wani likita ɗan shekara 31 ya riga ya nuna a aikace, a wasu ƙauyuka huɗu da ke bayan garin Abeokuta, cewa ana iya yi wa masu taɓin hankali da dama magani ba tare da an garƙame su ba. Sunansa Thomas Adeoye Lambo, ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a fannin cututtukan ƙwaƙwalwa a ilimin likitanci na zamani. Tarihinsa ya shafi duk wani jami'in da a yau takardun aiwatar da sabuwar dokar ke bi ta teburinsa, domin tambayoyin da ya yi fama da su su ne dokar ta zo amsawa: wa ke da ikon tsare mutum da sunan magani, har zuwa yaushe, kuma ina matsayin ra'ayin shi marar lafiyar?

Daga Abeokuta zuwa Ingila

An haifi Lambo a Abeokuta, a ƙasar Egba, ranar 29 ga Maris, 1923. Ya yi karatun sakandare a makarantar maza ta mishan ɗin Baptist da ke garin, wadda daga baya ta yaye Olusegun Obasanjo da M.K.O. Abiola. Daga nan ya wuce Ingila, inda ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham, ya kammala a 1948. Bayan ya yi aiki na ɗan lokaci a asibitocin can, sai ya dawo gida ya shiga aikin gwamnati.

Cikin wuraren da aka tura shi har da gidan mahaukata na Yaba a Legas. Abin da ya gani a can ne ya karkata hankalinsa zuwa fannin da a wancan lokaci ba wani matashin likita da ke sha'awarsa, domin ba kuɗi a ciki, ba kuma ɗaukaka. A 1952 ya koma Landan, zuwa Cibiyar Nazarin Cututtukan Ƙwaƙwalwa da ke haɗe da asibitin Maudsley, wadda Farfesa Aubrey Lewis ke jagoranta. Shekara biyu ya yi a can. A 1954 ya dawo, aka damƙa masa ragamar sabon asibitin ƙwaƙwalwa da ake ginawa a Aro, a gefen garin haihuwarsa.

Dokar da ya tarar

Kafin a gane girman abin da Lambo ya yi, sai an san halin da ya samu ƙasar a ciki. Turawa sun buɗe gidan mahaukata a Kalaba a farkon ƙarni na 20, suka buɗe na Yaba a 1907. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai aka yi dokar 1916 domin tsara yadda za a riƙa kai mutane irin waɗannan gidaje.

Tsarin ba shi da wuya. Idan aka kai ƙorafi gaban majistare cewa wane ya zautu, sai majistare ya bincika, ya sa likita ya duba shi. Likita na iya sa a tsare mutum har kwana bakwai domin a sa masa ido. Idan likita ya ba da takardar shaida, majistare kuma ya gamsu, sai a yanke cewa mutumin mahaukaci ne, a aika shi gidan da aka tanada. Dokar ta yi bayani a kan yadda ake shiga, amma ba ta ƙayyade tsawon zaman ba. Ba ta yi zancen magani ba, balle ta yi zancen neman yardar wanda za a yi wa. A ƙarƙashinta, kalma ɗaya ta tattaro mai ciwon da ke zuwa ya tafi, da wanda aka haifa da ƙarancin basira, da duk wanda aka ga hankalinsa ba daidai ba.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta son kashe kuɗi a wannan fage, don haka waɗanda take tsarewa galibi su ne waɗanda ake tsoro, da masu yawo a titi, da waɗanda suka aikata laifi. Da gidajen suka cika, sai gidan yari ya zama mafaka ta biyu, Kudu da Arewa. Ta haka aka samu mutanen da ba su yi laifin komai ba suna kwana ɗaki ɗaya da ɓarayi, ana kiransu mahaukatan da ba masu laifi ba. Rahotannin da likitocin Turawa da kansu suka rubuta tun daga shekarun 1930 har zuwa na 1950 sun yi ta maimaita abu guda: cunkoso, ƙazanta, sarƙa, da rashin magani. Ko a Abeokuta, gidan Lantoro da aka buɗe a 1944 tsohon kurkuku ne da aka mayar wurin ajiye sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da taɓin hankali.

A wajen katangar gwamnati ma ba a tsira ba. Bahaushe na da turu da mari, Bayarabe na da nasa irin ɗaurin a gidajen masu magani. Iyalin da ɗansu ya birkice, zaɓi biyu ke gabansu: ɗaurin gida ko ɗaurin hukuma. Shi ya sa mutane suka ɗauki gidan mahaukata tamkar wurin da in an shiga ba a fitowa, suka riƙa ɓoye marasa lafiyarsu har sai ciwo ya ci ƙarfinsu.

Ƙauyen da ya zama asibiti

Da Lambo ya isa Aro, ginin asibitin bai kammala ba, babu ɗakunan kwantar da marasa lafiya. Wani jami'in da sai ya zauna jiran 'yan kwangila. Shi kuwa sai ya nufi dagatai da dattawan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su su karɓi marasa lafiya a gidajensu a matsayin 'yan haya. Ba a amince nan take ba, domin tsoron mahaukaci tsohon abu ne a zukatan jama'a. Amma a watan Oktoban 1954 aka fara, da ƙauyuka huɗu.

Sharaɗi na farko shi ne kowane marar lafiya ya zo da ɗan jinya daga danginsa, uwa ko 'yar uwa ko kawu, wanda zai dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya raka shi asibiti, ya kwana tare da shi. Da safe a je asibiti a ga likita a karɓi magani, da rana a yi aikin hannu ko noma, da yamma a koma ƙauye a zauna cikin mutane. An ajiye ma'aikatan jinya a cikin ƙauyukan dare da rana, saboda in wani ya tayar a samu mai kai ɗauki. Ba katanga, ba makulli, ba mai gadi a bakin ƙofa.

Lambo bai dogara ga tausayin mutanen ƙauye kaɗai ba. Ya san cewa abin da za a daɗe ana yi, sai kowa na da riba a ciki. Masu gidaje na karɓar kuɗin haya, an ba su rance su ƙara ɗakuna, an kai musu ruwan famfo, an gina masai, an yi feshin sauro, wasu kuma sun samu aiki a asibitin. An kafa majalisa wadda dattawan ƙauyukan da ma'aikatan asibiti ke zama tare su tattauna matsaloli. Da tafiya ta miƙa, ƙauyukan sun riƙa ɗaukar marasa lafiya 200 zuwa 300 a lokaci guda, wasu daga nesa ƙwarai.

Lokaci ma ya taimake shi. A 1952 likitoci a Faransa suka gano amfanin maganin da aka fi sani da Largactil wajen kwantar da ruɗewar hankali, kuma shi ne magani na farko da ya sa aka iya sallamar ɗimbin mutane daga gidajen mahaukata a Turai da Amurka. Lambo ya yi amfani da shi, ya kuma yi amfani da sauran hanyoyin da likitocin zamaninsa ke bi, har da girgiza ƙwaƙwalwa da lantarki. Magungunan Aro iri ɗaya ne da na Landan. Bambancin yana wajen da marar lafiya ke kwana da kuma wanda ke zaune kusa da shi.

Abin da ya lura da shi, ya kuma rubuta a mujallun likitoci, shi ne waɗanda aka yi wa magani a ƙauye sun fi saurin samun sauƙi, kuma komawarsu gida ta fi sauƙi, tunda ba a taɓa yanke su daga dangi ba. Ɗan jinyar da ya yi watanni yana ganin yadda ake shan magani da alamomin dawowar ciwo, ya koma gida da ilimin da ba a samu a takardar sallama. Kuɗin da gwamnati ke kashewa a kan kowane mutum ma ya yi ƙasa da na kwantarwa. Wani abu makamancin wannan ya daɗe a garin Geel na ƙasar Beljiyam, inda iyalai suka shafe ɗaruruwan shekaru suna riƙon masu taɓin hankali, amma ba a taɓa ganin asibitin gwamnati a Afirka ta mulkin mallaka ya gina aikinsa a kan haka ba.

Masu maganin gargajiya

Mataki na biyu da ya ɗauka ya fi na farko tayar da ƙura. Lambo ya gayyato wasu masu maganin gargajiya na Yarbawa su yi aiki tare da shi. Ga hukumomin lafiya na Turawa, wannan kamar likita ne ya zubar da mutuncin sana'arsa. Shi kuwa hujjarsa a fili take: kusan duk wanda ya zo Aro ya riga ya biya ta wurin mai magani, kuma zai sake komawa bayan an sallame shi. Ko ɗan boko da ya yi karatu a Ingila, in ciwo ya kama shi, da harshen gida yake fassara abin da ke damunsa, da sammu da maita da fushin magabata. Likitan da ya toshe kunne ga wannan harshe ba zai ji abin da marar lafiyarsa ke faɗa ba.

Bai ce duk abin da masu maganin ke yi daidai ne ba. Ya san a gidajen wasunsu akwai sarƙa da bulala. Abin da ya yi shi ne ya jawo su inda ido ke ganinsu, ya bar musu ɓangaren da suka iya, wato sauraro da kwantar da hankali da daidaita marar lafiya da danginsa, shi kuma ya riƙe bincike da ba da magani. Wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a Aro a ƙarshen shekarun 1950, ya gano cewa saiwar da masu maganin Yarbawa ke ba wanda ya birkice tana cikin dangin tsiron da Turawa suka tace maganin kwantar da hankali daga jikinsa. Wannan ya nuna cewa a cikin abin da ake wa kallon camfi akwai ilimi, kamar yadda akwai cuta.

Martani ga masu raina ƙwaƙwalwar baƙar fata

Yaƙin Lambo bai tsaya a ƙauye ba. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wani littafi na J.C. Carothers, likitan da ya daɗe yana kula da gidan mahaukata na Mathari a Kenya. Carothers ya yi iƙirarin cewa tunanin ɗan Afirka bai kai na Bature ba, har ya taɓa kwatanta lafiyayyen baƙar fata da Baturen da aka yi wa tiyata aka yanke wani sashe na gaban ƙwaƙwalwarsa. Irin wannan ra'ayi na da tasiri a kan doka da kasafi. In an yarda cewa mutum ba shi da cikakken hankali tun asali, ba wanda zai damu da neman yardarsa, kuma ajiye shi a bayan katanga ya wadatar.

A 1955 Lambo ya wallafa bincikensa a kan yadda al'ada ke shafar ciwon zargi da ruɗu a tsakanin Yarbawa, a wata babbar mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya. Ya nuna cewa waɗanda suka gabace shi sun gina hukuncinsu ne a kan tsirarun mutanen da aka tsare a gidajen mahaukata, ba su jin harshensu, ba su san al'adarsu ba, sannan suka shafa wa nahiya guda baƙin fenti. Matsayinsa shi ne cutar ɗaya ce ga kowane ɗan Adam, al'ada kuwa ita ke ba ta kama da launi.

Bai tsaya ga musu ba, ya nemi hujja. Tare da Farfesa Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka, ya jagoranci binciken da aka shiga gida-gida a Abeokuta da ƙauyukanta, aka buga sakamakon a 1963. An samu cewa damuwa da baƙin ciki mai tsanani da sauran cututtukan da Turawa ke cewa ɗan Afirka bai san su ba, suna nan a tsakanin Yarbawa kamar yadda suke a wasu wurare. A watan Nuwamban 1961 kuma ya karɓi baƙuncin taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka baki ɗaya a Abeokuta, shekara ɗaya bayan samun 'yancin kai.

Ibadan da Janeba

A 1963 Lambo ya koma Jami'ar Ibadan a matsayin farfesa kuma shugaban sashen cututtukan ƙwaƙwalwa, ya bar Aro a hannun Dakta Tolani Asuni. Ya zama shugaban tsangayar likitanci a 1966, sannan shugaban jami'ar daga 1968 zuwa 1971, wato a tsakiyar yaƙin basasa da ƙarshensa. A wannan zamani ne Ibadan ta shiga cikin cibiyoyi tara na duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓa domin nazarin cutar sikizofiriniya, wadda ke sa mutum jin muryoyi da gaskata abin da babu shi. Sakamakon ya ba masana mamaki, domin marasa lafiyar Ibadan da na Agra a Indiya sun fi na Landan da wasu biranen Turai samun sauƙi bayan shekara biyu. Har yau masana na jayayya a kan dalilin haka, amma da yawa sun danganta shi da riƙon da dangi ke yi wa marar lafiya, abin da Aro ta ginu a kai.

A 1971 ya koma hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba a matsayin ɗaya daga cikin mataimakan Babban Darakta. A 1973 aka ɗaga shi ya zama mutum na biyu a hukumar, ƙarƙashin Dakta Halfdan Mahler, ya riƙe muƙamin shekara 15 har zuwa 1988. A zamaninsu ne aka yi taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗora kiwon lafiya a matakin farko a kan gaba, aka kuma fara kiran ƙasashe su shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci. A gida, yana cikin rukunin farko da aka ba lambar yabo ta ƙasa ta masana a 1979, tare da Chinua Achebe da Teslim Elias da Alhaji Abubakar Imam.

Abin da Aro ba ta warware ba

Adalci ga tarihi ya wajabta a faɗi inda aikinsa ya tsaya. Tsarin Aro ya kawar da katanga, amma ya ɗora yanke shawara a wuyan dangi da likita. Dangi ne ke kawo mutum, su ke amincewa da magani a madadinsa, su ke zama da shi. A mafi yawan lokuta wannan rahama ce. Amma dangi ma 'yan Adam ne. Akwai gādo, akwai kishi, akwai kunyar idon jama'a, akwai gajiya. Wanda 'yan uwansa suka haɗa baki suka ce ya zautu, ba shi da wata hukuma mai zaman kanta da zai kai wa kuka, a Aro ko a Yaba. Lambo ya sauya yadda ake jinya, dokar kuwa tana nan yadda ya same ta.

Tambayar ko mutum na da hankalin yanke wa kansa shawara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta mai hauka tuburan da wanda ciwon ke zuwa masa yana tafiya, suka kuma tabbatar da cinikinsa da sauran hulɗarsa a lokacin da ya farfaɗo. Dokar 1916 ba ta san wannan bambanci ba. Da zarar an buga wa mutum hatimi, shi ke nan. Dokokin zamani sun koma ga fahimtar cewa iya yanke shawara abu ne da ake aunawa a kan kowane al'amari da kowane lokaci. Mutum na iya kasa sarrafa dukiyarsa a wannan wata, amma ya san sarai maganin da ke wahalar da shi.

Ƙauyukan ma ba su dawwama yadda ya bar su ba. Abeokuta ta faɗaɗa ta haɗiye su, haya ta yi tsada, kuma samun ɗan uwan da zai bar aikinsa ko kasuwarsa ya yi watanni yana jinya ya ƙara wuya. Sannu a hankali nauyin aikin ya koma ɗakunan kwantarwa, Aro ta zama asibiti irin sauran.

Doka ta biyo baya

Lambo ya rasu a Legas ranar 13 ga Maris, 2004, ana saura kwana 16 ya cika shekara 81. Ya ga Najeriya ta fitar da manufar lafiyar ƙwaƙwalwa a 1991. Ya kuma ga an gabatar da ƙudurin sauya tsohuwar dokar a Majalisar Dattawa a 2003, wanda Sanata Dalhatu Tafida, likita daga Jihar Kaduna, ke cikin masu ɗaukar nauyinsa. Bai ga ƙarshen ƙudurin ba: an janye shi a 2009. A shekarar 2003 ɗin ne kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta yanke cewa irin wannan doka ta ƙasar Gambiya, wadda ita ma gādon Turawa ce, ta saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar. A 2010 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda sashenta na 12 ya ce lalura ba ta cire wa mutum matsayinsa a gaban doka.

Abin da jinkirin ya haifar ya fito fili a Kaduna. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kai samame wani gida a Rigasa, suka fito da kimanin mutum 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa. Makonni kaɗan bayan haka aka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya. Akasarin waɗanda aka samu, iyayensu ne suka kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye ko kangara ko taɓin hankali. Ba alƙalin da ya sa hannu, ba likitan da ya duba, ba ranar fita. Wannan ya faru ne a garin da ke da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa.

Sabuwar dokar, wadda Sanata Ibrahim Oloriegbe ya jagoranci ƙudurinta, ta kafa sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ta tanadi asusu na musamman, ta kuma tanadi kwamitin da zai riƙa duba batun waɗanda aka kwantar ba da son ransu ba, ya saurari ƙorafinsu. Ta ba marar lafiya haƙƙin a nemi yardarsa bayan an yi masa bayani, da haƙƙin naɗa wanda zai wakilce shi, ta hana nuna masa wariya a wurin aiki, ta haramta ɗauri da sarƙa. Ba ta hana kwantar da mutum bisa tilas ba, amma ta gindaya sharuɗɗa, babbansu shi ne a ji tsoron zai cutar da kansa ko wani, ko ciwon zai ƙazanta in an bar shi. Masu fafutukar kare haƙƙi na ganin har yanzu ta bar ƙofar tilas a buɗe fiye da kima, likitoci da dama kuma na ganin rufe ta ruf zai bar wasu su mutu a titi.

Haramta sarƙa a takarda abu ɗaya ne, samar wa iyali abin da za su yi a madadinta abu ne daban. Ga magidancin da ke Mararaban Rido, Barnawa ba nisa. Ga wanda ke Kafanchan ko wani ƙauye a kudancin jihar, tafiyar yini ce da marar lafiyar da ba ya zama wuri ɗaya, ga kuɗin mota, ga kuɗin magani duk wata. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha bayyana cewa ƙwararrunta da ke aiki a cikin gida ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Muddin asibitin da ke kusa da gida ba shi da ma'aikacin da ya san ciwon, ba shi da maganin a kantarsa, mai gidan mari zai ci gaba da samun baƙi da dare.

A nan ne darasin Aro ya fi amfani ga masu tsara kasafi da masu rubuta ƙa'idojin aiwatarwa. Lambo bai jira gini ya kammala ba, bai jira likitoci sun wadata ba. Ya duba abin da ke hannu, wato dangi da dagatai da ma'aikatan jinya da masu maganin da jama'a suka yarda da su, ya tsara su, ya sa musu ido, ya tabbatar kowa na da abin da zai samu. Abin da ya rasa shi ne doka da za ta tsaya wa marar lafiya in waɗannan duka suka juya masa baya. Yanzu dokar ta samu. Jihohi irin su Legas da Ekiti sun yi nasu dokokin, sauran kuwa ana jiransu. Kwamitin duba tsare mutane na buƙatar mambobi da ofis da kuɗin zirga-zirga, asusun na buƙatar layi a kasafin kuɗi, ma'aikatan ƙananan asibitoci na buƙatar horo.